Amsoshin Tambayoyinku: Ƙauyukan Masuntan Holan da Tekun da Aka Datse

Wasiƙu uku da suka iso wannan fili sun haɗu a kan batu ɗaya, wato ziyarar tsofaffin ƙauyukan masunta na ƙasar Holan, saboda haka muka ga ya dace a amsa su a jere, tun da amsar ta farko ita ce shimfiɗar sauran.

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni ɗan kasuwa ne, kuma cikin watan Yuni zan je Amsterdam wani taro, inda nake sa ran samun yini biyu babu aiki. Wanda ya shirya mana tafiyar ya ce za a kai mu Volendam, wai ƙauyen masunta ne mai daɗaɗɗen tarihi. Ni kuwa jikan masunta ne, a bakin kogi na tashi, don haka abin da nake so in gani shi ne jirage da taru da mutanen da su ne sana'arsu. Shin Volendam zai biya mini buƙata, ko akwai inda ya fi shi? Daga wani mai karatu a Kano.

AMSA: Wa alaikumus salam, Alhaji, Allah ya kai ka lafiya ya dawo da kai lafiya. Volendam ba wurin rainawa ba ne, amma idan shi kaɗai ka gani za ka dawo da hotuna masu kyau da ƙarancin fahimta, kuma dalilin hakan yana cikin ruwan da za ka tsaya a bakinsa. Ruwan yana da faɗi, yana da igiya, idan iska ta taso har tsoro yake bayarwa, amma in ka kamfato ka ɗanɗana ba za ka ji gishiri ba. Shekara ɗari da suka wuce kuwa teku ne sosai, wanda mutanen ƙasar ke kira Zuiderzee, wato Tekun Kudu, wani babban reshe na Tekun Arewa da ya kutsa har tsakiyar ƙasar, kuma garuruwan gaɓarsa irin su Volendam da Marken da Urk da Enkhuizen da Spakenburg da shi suke ci suke sha.

Sai dai tekun da ke ciyar da su shi ne kuma yake cinye su. A tsakiyar Janairun 1916 wata guguwa ta turo ruwa cikin dare ya fasa shingaye a wurare da yawa, har a tsibirin Marken kaɗai mutum 16 suka rasu. Wannan ambaliya, haɗe da ƙarancin abinci na zamanin Yaƙin Duniya na Farko, ita ta sa majalisa ta amince a 1918 da shirin da injiniya Cornelis Lely ya daɗe yana fafutuka a kansa, wato a toshe bakin tekun gaba ɗaya, sa'an nan a zuƙe ruwan wasu sassansa a mai da su gonaki. An soma ginin babbar madatsar a 1927, aka liƙe kafa ta ƙarshe ranar 28 ga Mayun 1932, bayan shi Lelyn ya riga ya rasu a 1929. Madatsar, wadda ake kira Afsluitdijk, tsawonta kilomita 32 ne, kuma a yau babbar hanyar mota ce ta bi ta kanta. Da yake kogin IJssel bai daina zuba ruwan daɗi a bayanta ba, cikin 'yan shekaru gishiri ya gushe, teku ya koma tafki, kifin haring, wato shawa, da ƙananan kifayen anshobi waɗanda su ne ƙashin bayan sana'ar suka ɓace. Gwamnati ta kafa dokar tallafi ga masunta tun 1925, amma kai da ka tashi a gidan su ka san babu kuɗin da zai maye wa mutum ruwan da ya gada. Daga nan kowane gari ya nemi mafita irin tasa, kuma abin da baƙo ke zuwa kallo a yau shi ne waɗannan mafitu daban-daban.

Volendam ya zaɓi ya sayar da kamanninsa, kuma ya iya cinikin tun kafin a datse tekun. Asalinsa tashar jiragen garin Edam ce, har zuwa 1357 da mutanen Edam suka haƙa wata gajeriyar hanya zuwa teku, aka cike tsohuwar, manoma da masunta suka zauna a wurin, sunan garin ma ma'anarsa madatsar da aka cike. A 1881 Leendert Spaander ya buɗe masauki a kan shingen garin ya riƙa jawo masu zane daga ƙasashen Turai da Amurka, waɗanda da yawansu da zane suke biyan kuɗin kwana, har gidan ya tara zane-zane fiye da dubu. Ta hannun waɗannan baƙi ne doguwar farar hular matan Volendam da buje-bujen wandon mazansa suka zama abin da duniya ke ɗauka tufafin Holan baki ɗaya, alhali kuwa kayan ƙauye ɗaya ne. Yau idan ka sauka daga bas, bayan tafiyar kusan rabin awa daga Amsterdam, titin bakin ruwa da suke kira De Dijk zai tare ka da shagunan tsaraba da ɗakunan ɗaukar hoto inda ake sa wa baƙo kayan gargajiya a miƙa masa kwando ko tsohon abin kiɗa irin nasu ya riƙe. Shawarata ita ce kada ka ɓata fiye da awa guda a nan. Ka gangara bayan shingen ka shiga tsohuwar unguwa mai suna Doolhof, inda lunguna suka sarƙe, gidaje ƙanana suka matsu da juna ƙasa da matakin ruwa, domin a can ne za ka gane irin ƙuncin da masunci ke komawa cikinsa idan ya baro teku.

Daga tashar Volendam akwai jirgin fito da ke kai mutane Marken cikin kusan minti 30, kuma wannan ƙetarawa ta cancanci kuɗinta. Marken tsibiri ne har zuwa 1957 da aka haɗa shi da tudu ta hanyar shinge, kuma tsarin gininsa kaɗai ya ishe ka karanta tarihin ambaliya. Da fari mutanen sun tara ƙasa suka yi tuddai suka cunkusa gidajen katako a kansu, da tuddan suka cika sai suka riƙa kafa gidaje a kan dogayen dirkoki domin ruwa ya wuce ta ƙarƙashi, da aka datse teku kuma sai suka toshe ƙarƙashin suka mai da shi ɗaki. Idan ka lura za ka ga gidaje da yawa masu fentin kore ko baƙi da fararen layuka, matakalarsu tana hawa zuwa ƙofar da take sama, alamar inda asalin daɓen gidan yake. In ƙafarka tana da ƙarfi ka bi kan shinge zuwa hasumiyar fitilar jirage ta 1839, wadda suke yi wa laƙabi da Dokin Marken saboda siffarta daga nesa. Wannan yini guda ke nan.

Yini na biyu kuwa, tun da jirage da taru kake so, ka hau jirgin ƙasa daga babbar tashar Amsterdam zuwa Enkhuizen, tafiyar kusan awa ɗaya. Garin da kansa ya taɓa zama sarkin kasuwar haring, har tambarinsa kifaye uku ne, kuma yana cikin garuruwa shida da suka riƙe rassan kamfanin cinikin Gabashin Indiya da aka kafa a 1602. Amma abin da zai kai ka shi ne gidan tarihin Zuiderzee, wanda aka kafa a 1948 domin a tsirar da abin da ya saura na rayuwar tekun. Sashensa na fili, wanda aka buɗe a 1983, ƙauye ne sukutum mai gine-gine sama da ɗari, da yawansu daga garuruwan gaɓa aka ciro su aka sake kafawa a nan. Akwai masu tufka igiya, da masu ɗinkin taru, da wurin bandar kifi inda ake jera haring a tsinken ƙarfe a rataye bisa hayaƙin itace, a ciro maka shi da ɗuminsa kana tsaye, maiƙo yana bin yatsunka.

A nan nake so ka tsaya ka dubi jirgin da suke kira botter da idon ɗan gado. Gindinsa shimfiɗaɗɗe ne domin tekun ba shi da zurfi, 'yan mitoci ne kawai a yawancin wurare, saboda haka maimakon dogon ƙashin da ke bin ƙarƙashin jirgi sai aka maƙala masa faffaɗan katako a kowane gefe kamar fiffike, wanda ake saukarwa cikin ruwa ta ɓangaren da iska ke tura jirgin don kada ya zame. Goshinsa a ɗage yake domin ya sha igiya, bayansa kuma ƙasa-ƙasa domin jan taru ya yi sauƙi. Abin da ya fi burge ni shi ne akwatin da ke tsakiyarsa mai suna bun, wanda ƙasansa da gefensa ke da ƙananan huji, ruwan teku yana shiga yana fita, kifi yana zaune da ransa har a iso kasuwa, a zamanin da babu ƙanƙara balle firji. Jan-ƙasa-ƙasan launin filafilinsa kuma ba ado ba ne, jiƙa shi ake yi tare da taru a ruwan ɓawon itace da aka tafasa don kada ya ruɓe, kamar yadda majema ke yi wa fata da bagaruwa. Ka sani dai cewa sashen fili daga wajen ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Oktoba yake buɗe, wanda ya yi daidai da lokacin zuwanka. Masu su na gaske da suka rage kuwa, ga labarinsu a amsa ta gaba.

TAMBAYA: Ni ɗaliba ce a wata jami'a a nan Holan. Ina jin ana kiran Urk tsibiri, amma a taswira na gan shi manne da ƙasa, kuma abokan karatuna sun ce kada in kuskura in je ranar Lahadi. Mene ne gaskiyar lamarin, kuma me zan gani a can? Daga wata 'yar'uwa mai karatu a Holan.

AMSA: 'Yar'uwa, taswira ta yi gaskiya, masu cewa tsibiri ma ba su yi ƙarya ba. Urk, wanda sunansa ya bayyana a rubuce tun shekarar 966, tsibiri ne a tsakiyar teku har zuwa 1939 da shinge ya iso shi daga garin Lemmer, sa'an nan a 1942 aka gama zuƙe ruwan da ke gabashinsa ya zama ƙasar noma. Amma mutanensa ba su taɓa karɓar wannan hukunci a bakinsu ba, domin har gobe ba sa cewa suna cikin Urk, sai dai a kan Urk, yadda ake faɗa game da tsibiri, kuma in kika yi kuskuren kalmar za a gyara miki cikin murmushi. Suna da karin harshensu da sauran 'yan ƙasa ke wahalar ji, kuma tsohon garin yana kan ɗan tudu mai ƙananan lunguna da suke kira ginkies.

A ganina Urk shi ne ya fi kowane gari taurin kai a cikin wannan labari. Da aka raba shi da teku sai ya bi tekun inda ya koma, masuntansa suka sayi manyan jiragen ƙarfe suka shiga Tekun Arewa suna kamun faffaɗan kifayen da ke kwanciya a ƙasan ruwa. Da jiragen suka yi wa tashar garin girma, sai aka riƙa ajiye su a tashoshin bakin teku irin su Harlingen da Den Helder da IJmuiden, maza su fita da motoci da tsakar dare bayan Lahadi ta wuce, su yi mako a ruwa, su dawo wajen Juma'a, kifin kuma a loda shi a manyan motoci a kawo Urk a yi gwanjonsa a sarrafa shi. Ta haka garin da ba ya bakin teku ya zama ɗaya daga manyan cibiyoyin kifi na Turai. Kada dai ki yi tsammanin tarar da tashar cike da jirage, kuma sana'ar kanta tana cikin matsi: Tarayyar Turai ta haramta kamun kifi da lantarki gaba ɗaya a 2021, hanyar da masuntan Holan suka zuba jari mai yawa a cikinta, ga tsadar mai, ga ficewar Birtaniya daga Tarayyar, ga filayen injinan iska da ke cinye wuraren su, har da yawa suka karɓi diyyar gwamnati suka miƙa jiragensu aka farfasa. Yanzu masana'antun garin sun dogara sosai da kifin da ake shigo da shi, musamman salmon daga Norway.

Wurin da ba zan so ki tsallake ba yana bayan hasumiyar fitila, kusa da ƙaramin cocin bakin ruwa na 1786. A can akwai gunkin wata mata cikin kayan Urk, iska na kaɗa zanenta, ta waiwayo tana duban ruwa, wanda aka kafa a 1968, kuma a bangon da ya kewaye ta an rubuta sunayen mutanen garin fiye da 300 da teku ya ci, kowane da shekarunsa. Idan kika bi layukan a hankali za ki ga sunan gida ɗaya ya maimaitu a rana ɗaya, uba da 'ya'yansa a jirgi guda, har da yaran da ba su balaga ba. Bangon bai rufe ba, domin ko a Nuwamban 2019 wani jirgin Urk ya nutse kusa da tsibirin Texel da mutum biyu a ciki. Ƙasa kaɗan da wurin, cikin ruwa, akwai wani ƙaton dutse mai dogon suna, Ommelebommelestien, wanda a tatsuniyar garin daga gare shi ake ɗebo jarirai, uba ya tuƙa kwalekwale da ungozoma su je su karɓo.

Batun Lahadi kuwa, abokanki sun ba ki shawara mai kyau, ko da yake ba don wani haɗari ba. Mutanen Urk Kiristoci ne masu tsananin riƙo da addini, ranar hutu ce da zuwa coci, shaguna da yawancin wuraren cin abinci a rufe suke. Ni kaina na taɓa yin wannan kuskure, na iso da rana tsaka da yunwa, na zagaye tashar kaf ban sami mai sayar da ko burodi ba, sai iyalai cikin baƙaƙen kaya suna tafiya coci a jere, na koma da guzurin dabino da ya rage a jakata. Ki je ranar aiki ko Asabar, ki nemi izini kafin ki ɗauki hoton mutum, ki kuma tuna cewa jirgin ƙasa ba ya zuwa garin, sai an haɗa da bas. In kin sami mai mota, ki roƙe shi ku biya Schokland da ke kusa, tsibirin da sarki ya ba da umarnin kwashe mutanensa kusan 650 a 1859 saboda ruwa na cinye shi, wanda yanzu tsohuwar tashar jiragensa ke tsaye a tsakiyar gonakin dankali da albasa. Shi ne wuri na farko a Holan da UNESCO ta sa cikin kayan tarihin duniya, a 1995, kuma manoman wannan sabuwar ƙasa sun sha cin karo da gawar jirage a ƙarƙashin garma, waɗanda aka ƙirga ɗaruruwansu.

TAMBAYA: An ce mutanen Holan ɗanyen kifi suke ci a tsaye a bakin titi. Gaskiya ne, kuma Musulmi zai iya cin abincin irin waɗannan ƙauyuka hankali kwance? Daga wani malamin makaranta a Maraɗi.

AMSA: Malam, gaskiya ne ba a dafa shi, amma kiransa ɗanye bai cika daidai ba. Haring ɗin da ake sayarwa a rumfunan bakin ruwa an gyara shi ne ta wata tsohuwar dabara da ake jingina wa Willem Beukelszoon na ƙarni na 14: da an kama shi sai a cire maƙogwaro da yawancin kayan ciki, a bar wani ɗan sashe wanda ruwansa ke nuna naman a hankali, sa'an nan a zuba gishiri a ajiye a ganga. Wannan dabara ce ta ba jiragensu damar yin makonni a teku ba tare da kifi ya lalace ba, kuma dukiyar da ta biyo baya ita ta sa suke cewa a kan ƙayar haring aka gina Amsterdam. A yau doka ta wajabta a daskarar da shi tukuna domin kashe tsutsa. Sabon kamu na shekara yana fitowa ne a watan Yuni, lokacin da kifin ya yi maiƙo, kuma yadda suke ci shi ne a tsoma shi cikin yankakkiyar albasa, a kama wutsiya, a ɗaga kai sama a saka a baki. Wanda bai iya ba sai ya ce a yanka masa gunduwa-gunduwa ko a sa a burodi. Kifin ma ba baƙonmu ba ne, domin shi ne shawa da ake sayarwa a daskare a kasuwannin Najeriya, kuma Najeriya na cikin manyan masu sayen daskararren kifin da manyan jiragen Holan ke kamawa.

Ta fuskar halacci, a mazhabar Malikiyya da yawancinmu ke bi dabbobin ruwa halal ne, saboda haka waɗannan ƙauyuka sun fi wurare da yawa a Turai sauƙi ga Musulmi. Wannan ya haɗa da paling, wani dogon kifi mai santsi da ya yi kama da gaiwa, wanda bandarsa ce abin alfaharin Volendam, ko da yake ya yi ƙaranci ƙwarai a ruwa, har ana hana kamunsa daga Satumba zuwa Nuwamba, kuma yawancin wanda ake sayarwa na kiwo ne, ga tsada. Abu biyu ne zan ja hankalinka a kansu. Soyayyen kifin da suke kira kibbeling ana tsoma shi a kwaɓin fulawa, wasu kuma sukan zuba giya a kwaɓin, don haka ka tambayi mai rumfa kafin ka saya. Miyar wake mai kauri da suke sha da sanyi, wadda ake kira snert, kusan kullum da naman alade ake yin ta. In kuma ka sayi kifinka ka fito bakin tasha, ka rufe shi da hannu ka juya wa ruwa baya, domin fararen tsuntsayen teku na wurin sun fi shirwar mahauta iya fizge.